Uwar Bikin Tsibirin Shamian

Duk wanda ya taɓa zuwa Guangzhou sarin jakunkuna ya ji labarin tsibirin Shamian, kuma daga baki ɗaya ya ji shi, bakin Hajiya Ladidi. 'Yar Gwammaja ce ta Kano. Ta daɗe a China tana yi wa 'yan kasuwa jagora zuwa masana'antun jaka na Shiling. Maigidanta ya rasu, 'ya'yanta maza sun girma suna gida da iyalansu, ita kuwa in ka ɗauke jaka, ba ta da abin so a duniya kamar wannan tsibiri. Kowace Lahadi sai ta ci ado ta tafi can ita kaɗai. "Tsibirina" take ce masa, kamar gadonsa ta ci.

Ana nan sai ga aminiyarta Ramatou daga Maradi, wadda suka ƙulla abota tun zamanin da take zuwa Kantin Kwari sayen atamfa. Ta kawo ɗiyarta Aicha da ta samu gurbin karatu a jami'a. Yarinya za ta zauna a makaranta, amma tana buƙatar gidan da za ta riƙa zuwa ƙarshen mako da lokacin hutu, da uwar da za ta sa mata ido. Mutum biyu ne a layi: Ladidi, da Nana Hafsat, matar Alhaji Munkaila mai harkar kwantena. Ramatou ta ce kafin ta koma za ta zaɓa.

Ladidi ba ta gaya wa kowa ba, amma har ta sayi katifa da labule mai furanni, ta kwashe samfurin jakunkunan da suka cika ƙaramin ɗakinta. Ta gaji da dafa shinkafar mutum ɗaya.

"Nana Hafsat tana da mota," ta ce wa madubi ranar Lahadi tana ɗaura ɗankwali. "Ni kuwa ina da jama'a. Yau Ramatou za ta ga wace ce ni a garin nan."

Ta jefa kwalbar turare a jaka, da ƙullin cincin, ta je ta ɗauko baƙuwarta a masauki. Aicha tana can tana fama da rajista.

Ramatou ta fito da shiri. Tunda aka ce mata tsibiri, ta tanadi lemon tsami da citta saboda amai. Suka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka hau wata 'yar gada, Ramatou na ta motsa baki tana addu'ar shiga jirgin ruwa.

"Ina kwale-kwalen?" ta tambaya.

"Wane kwale-kwale? Ai mun iso."

"Mun iso ina?"

"Tsibiri mana. Ba ki ga ruwan da muka ƙetare ba?"

Ramatou ta koma da baya, ta leƙa ƙarƙashin gadar, ta daɗe tana kallo.

"Wanga lambatun? Ladidi, akuya mai ciki ma ta tsallake shi."

"Kogin yana ta can baya, ƙato. Ke dai ki biyo ni, ki bar tambaya, kada a gane baƙuwa ce."

Suka shiga babban titin tsibirin, mai tsofaffin gine-gine irin na Turawa da manyan bishiyoyi a jere. Ladidi ta gyara murya ta fara jawabin da ta saba yi wa baƙi.

"Kin ga bishiyar nan? Babu irinta a duniya sai a nan. Ko sunanta ba ya faɗuwa a bakin ɗan Adam."

Ramatou ta ɗaga kai. "Cediya ce."

"Ba cediya ba ce."

"Ga saiwoyi na zubowa daga sama kamar gemun tsoho? Irinta ce ƙofar gidan kakata a Tibiri. A gindinta munka yi gaɗa."

Ladidi ta ɗaga kai ita ma. Shekara da shekaru tana wucewa ƙarƙashin bishiyar nan, amma koyaushe idonta na kan wayarta tana ɗaukar kanta hoto. Ta ga saiwoyin, ta ga ganyen, har wata tsohuwar inuwa ta unguwarsu ta faɗo mata a rai.

"Cediyar China ce," ta ce, ta yi gaba. "Wancan farin ginin kuma kotun ƙoli ce."

"Da gicciye a kanta?"

"Ramatou, yawo kika zo ko musu?"

Can gaba kaɗan sai ga abin da Ladidi take jira. Amare ne birjik cikin fararen riguna masu jan ƙasa, kowace da angonta, kowane ango da amarya da mai hotonsu.

"To, nan ne ofishina," in ji Ladidi. "A tsibirin nan kullum biki ake. Sai dai bayin Allah ba su iya ba. Ba dangi, ba kiɗa, ba guɗa, ba ko alkaki. Amarya tsaye kamar marainiya. Ni ce nake rufa musu asiri. Ni ce uwar biki."

Ta ciro kwalbar turare, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi daga cediya. Nan take wani mai hoto ya yi fito. Na gabansa ya amsa. Sai aka ga masu hoto suna ɗaga hannuwa suna kaɗawa, suna sauke kyamarori. Amare suka tattare rigunansu suka ja gefe. Wata ta ɓuya bayan faifai mai ƙyalli da masu hoto ke haska fuska da shi. Ladidi ta ratsa tsakiya tana ɗaga hannu dama da hagu, tana gaisuwar 'yan China, "Nihaw, nihaw, Allah ya ba da zaman lafiya," tana fesa turare ga duk wadda ba ta yi saurin kaucewa ba. Wata amarya mai tawadar Allah a haɓa ta samu kaso mafi tsoka, har ta yi atishawa.

"Kin gani?" ta ce wa Ramatou tana haki. "Har aiki suke tsayarwa in zan wuce. Gwamna ma sai haka."

"Ni kam sai na ga kamar yadda muke kwashe shanya in hadari ya taso."

"Hassada ce ke damunki. Zo in ba ki shayi."

Ta kai ta wani gidan shayi a gefen titi, cike da tsofaffi. Ba sa cin abincin wurin, shayi kawai Ladidi ke sha da cincin ɗinta. Mai hidima ta kawo buta, da 'yan ƙananan kofuna, da wani babban kwano. Ladidi ta tura wa Ramatou ƙaramin kofi, ita kuma ta tuttula shayi a babban kwanon, ta ɗauka da hannu biyu.

"Ƙananan na baƙi ne. Babban na 'yan gari ne. Sai kin daɗe ake ba ki shi."

Ta kurɓa, ta lumshe ido. Ramatou kuwa idonta na teburin kusa, inda wani tsoho ya zuba ruwan shayi mai zafi a kofinsa, ya ɗauraye, ya wanke tsinkayen cin abinci, ya wanke cokali, sannan ya juye duka a cikin babban kwano irin na Ladidi sak. Mai hidima ta zo ta ɗauke ta tafi zubarwa.

Ramatou ta zungure ta. "Dubi mi ya yi da nashi."

Ladidi ta duba. "Bai iya ba. Baƙo ne."

"Waɗancan fa? Da waɗancan?"

Ko'ina aka juya ɗauraya ake ana juyewa a babban kwano.

"Lahadi ce," in ji Ladidi. "'Yan ƙauye sun shigo."

Ramatou ta maido idonta kan teburinsu. Ta dai lura da cewa kwanon Ladidi sabo ne fil, an ɗaura masa jan zare a baki, kuma daga can saman kanta aka sauko da shi, ba daga tarin sauran ba. Ta kalli mai hidimar, mai hidima ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ladidi dai ba ta shanye shayin ba. Ta ce yau ganyen bai nuna ba.

Da suka fito sai Ladidi ta ji jikinta yana gaya mata cewa Nana Hafsat na shan gabanta. Ana cikin haka Ramatou ta tsaya cak.

"Ladidi, waccan ba ita ce amaryar da kika shaƙe da turare ɗazu ba? Mai tawadar Allah a haɓa?"

"Ita ce. Ai ina sane da 'ya'yana."

"Ɗazu angonta dogo ne mai tabarau. Wanga kuwa gajere ne, ga kumatu."

Ladidi ta ƙura ido. Wallahi haka ne. Amaryar ce dai, rigar ce dai, amma ta jingina kanta a kafaɗar wani gajere, suna yi wa juna murmushi. In ta ce ba ta san abin da ke faruwa ba, to me ta sani? Sai kawai ta tafa hannu.

"Kin ga abin da nake gaya miki? Tsibirin nan ba ya zama lafiya in ba na nan. Shayi kawai na shiga sha, har aure ya mutu an ɗaura wani!"

"Ba idda?"

"Ba idda, ba shawara, ba komai! Riƙe min jaka. Yau za ki ga yadda ake riƙon 'ya mace."

"Ladidi, dakata mu tambaya tukuna..."

Ina! Ta riga ta yi gaba, zani na kaɗawa. Ta shiga tsakanin amarya da kyamara, ta cafke hannun yarinyar, ta zazzage duk Sinancin da ta tara a kasuwa.

"Nihaw! Meyo! Wannan meyo! Ina lawban ɗinki na farko? Lawban dogo!"

A nata lissafin, ta ce wannan ba shi ba ne, ina maigidan gaskiya. Mai hoto ya dafe kai yana ihu. Ladidi ta ja amarya, amarya ta biyo ta tana tuntuɓe, gajeren ango ya bi su riƙe da jelar rigar kada ta sha ƙasa. Suka zaga bayan wata cediya, sai ga dogon mai tabarau zaune kan benci yana zuƙar taliya daga kwali. Daga sama kwat ce da fure a aljihu. Daga ƙasa gajeren wando ne da silifas.

"Ka ga sakarai!" in ji Ladidi. "An ɗauke maka mata kana nan kana cin taliya. Ko wando ba ka tsaya sawa ba. Tashi!"

Ta kama hannunsa ta haɗa da na amarya, ta danne da nata biyu. Shi kuwa taliya na reto a bakinsa, yana kallon mai hoto yana neman agaji. Jama'a suka fara taruwa, wayoyi suka tashi sama.

Gajeren ango ya matso zai yi bayani, Ladidi ta daka masa tsawa, ya ja da baya a firgice, jelar riga na hannunsa. Ashe rigar ta yi wa amarya yawa, da 'yan matsan shanya aka kame ta ta baya. Sai ji aka yi tas, tas, tas, suna tashi kamar gugguru. Ɗaya ya samu mai hoto a goshi. Rigar ta sulale ƙasa ta taru kamar kumfa, ga amarya tsaye da 'yar shimi da wandon jins da takalmin gudu.

"Innalillahi!"

Ladidi ba ta tsaya tunani ba. Ta fizge mayafinta, ta naɗe yarinyar tun daga kai har gwiwa kamar ana naɗe tabarma, ta rungume ta, ta juya wa jama'a baya.

"Ku kawar da ido, marasa kunya! Yi shiru, 'yata, daina kuka. Kin ji yadda jikinta ke rawa, Ramatou?"

"Dariya take."

"Kuka ne. Haka nasu yake."

A daidai nan wani saurayi ya ratso taron cikin jar riga irin ta gargajiyar China, yana duba agogo. Ya taɓa naɗin mayafin da yatsa, ya yi magana, amarya ta amsa daga ciki.

"Na uku!" in ji Ladidi. Ta ja da baya, ta taka faifan haske, faifai ya zame, ta tafi zaune daɓas a cikin lambun furanni, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya a titi.

Akwai wasu tsofaffin mata da ke rawar motsa jiki da jajayen mafitai kusa da wurin. Suka kashe kiɗa suka taho. Shugabarsu, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin gashi, ta kama Ladidi ta ɗaga, wata ta kaɗe mata ƙasa, wata ta kawo takalmi ta sa mata. Sannan tsohuwar ta ciro waya ta yi magana a ciki don ta fassara. Ta manta wayar na haɗe da sifikar rawa. Sai ga murya da Turancin Ingilishi ta cika tsibiri.

Ladidi ta ji komai. Ramatou kuwa bokon Faransanci ta yi.

"Mi ta ce?"

"Godiya take."

Muryar ta ci gaba, ta daɗe tana zuba.

"Duk wanga tsawon godiya ce?"

"Mutane ne masu ladabi."

Ramatou ta matsa kusa da tsohuwar, ta nuna wayar, ta ce, "Madam, faranse?" Tsohuwa ta latsa. Sifika ta sake daga farko. Kuma kamar abin bai isa ba, sai ga Ma'azu mai sarin waya a sahun gaba da abokansa biyu, mutumin da in ya ji magana da safe, kafin azahar ta isa Kano.

"Hajiya Ramatou," ya ce, "a taimaka mana da fassara, don Allah."

"Bon," in ji Ramatou, ta gyara tsayuwa. "Ta ce ba wani biki. Yarinyar ga aiki take wa masu sayar da kayan amare, tallar riga ce. Mazan ma haya ne, kowa da lokacinshi. Ko waɗanda za su yi auren gaske, hoto kawai suke zuwa ɗauka, bikin sai can gaba, a wani wuri, da danginsu."

"Ai na sani," in ji Ladidi a hankali. "Gwada su nake."

"Ta ce hannun da masu hoto ke ɗaga miki, roƙonki suke ki kauce. Da sunka gaji, sai sunka mai da zuwanki lokacin hutunsu."

Ma'azu ya dafa abokinsa don kada ya faɗi.

"Ta ce su kuma masu rawa, in sun ji guɗarki sun san lokacin tahiya ɗora tukunya ya yi. Ta ce bara akwai Lahadin da ba ki zo ba, masu hoto sunka yi aiki ba hutu, su kuma sunka yi ta rawa har rana ta take. Har sun aika gidan shayi a tambaya ko lahiya."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta shafa hannun Ladidi. Amarya ta warware kanta daga mayafi, hawayen dariya sun ɓata mata kwalliya, ta ninke shi ta miƙa da hannu biyu ta ce, "Sheshe, ayi," wato na gode, inna. Har mai hoto, da ƙullutu a goshi, ya ɗaga mata babban yatsa. Dogon ango ya koma kan taliyarsa.

Ramatou ta ja Ladidi ta bi da ita bayan gine-ginen har bakin kogi. Suka zauna. Karon farko Ladidi ta zuba wa wurin ido sosai. Jirgin ruwa ya wuce a hankali. Wani dattijo ya rataye kejin tsuntsu a reshe yana yi masa fito, tsuntsun na amsawa. Wata kaka na bin jikanta da cokali. Iska ta kaɗo ganyen cediya ya faɗo a cinyar Ladidi, ta ɗauka tana jujjuyawa.

"Ashe wurin nan yana da kyau," ta ce.

"Ke kika ce naki ne."

"Ramatou, ki kai wa Nana Hafsat yarinyar. Akwai katifa sabuwa a wurina, sai a haɗa mata da ita."

Ramatou ta ciro lemon tsaminta ta ɓare, tunda dai ba a shiga jirgin ruwa ba, ta ba ta rabi.

"Gaskiya ɗaya ce, ƙawata. Ba ki san komi ba a tsibirin ga. Ko kaɗan. Ban taɓa ganin mutum ya daɗe a wuri haka bai gane komi ba."

"Na ji. Ba sai kin ƙara gishiri ba."

"Amma na ga ɗiyar mutane ta tsaya ba riga, kowa ya ɗaga waya, ke kika cire mayahi. Aicha za ta riƙa zuwa gidanki."

Ladidi ta juyo, lemon tsami a baki, ido ya kawo ruwa, ba a san na tsami ne ko na me ba.

"Ni zan riƙe ta?"

"A'a. Ita za ta riƙe ki. Tana koyon yarensu. Ba ki ƙara taka tsibirin ga sai tana riƙe da hannunki. In ta ce tsaya, ki tsaya. In ta ce aje kwano, ki aje. Kwalbar turaren kuma da ni za ta koma Maradi."

"Guɗar fa?"

Ramatou ta yi ɗan tunani. "Guɗa a bar ta. Kada abincin mutane ya makara."

Ladidi ta share ido, ta yafa mayafinta, ta gyara ɗankwalin da ya karkace, ta cire wani fure da ya maƙale mata a kunne. Sannan ta karɓi jakarta, ta ciro waya, ta miƙe zaune sosai, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Salamu alaikum, Hajiya Nana Hafsat. Ladidi ce, daga tsibiri. Maganar Aicha ce. To, sai haƙuri, 'yar uwa. An duba cancanta."